Batura huɗu a gida ɗaya: me ya kashe busassun, me ya raya masu ruwan

Gidan yana Gwammaja, gidan gado ne da aka raba sassa biyu, wa da ƙani, soro ɗaya suke shiga. A farkon 2022 suka yanke shawarar sa sola, kuma mutum ɗaya ne ya haɗa musu: kowane sashe faranti huɗu masu wat 300, inbata mai aiki da bolt 24, da batura biyu masu bolt 12 da aka jona a jere. Wan ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Shi busassun batura ya saya, rufaffun nan na jel masu 200Ah (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), domin an gaya masa ba ruwansa da zuba ruwa, ba wari, kuma ga shekara goma a rubuce a jikin kwali. Ƙanin malamin makaranta ne, ya ɗauki dogayen nan masu ruwa da ake kira tubula, masu 220Ah.

Cikin azumin 2024 baturan wan suka mutu, shekararsu biyu da 'yan makonni. Na ƙanin kuwa har ƙarshen 2025 suna aiki. Wan ya kafe a kan cewa jabu aka sayar masa, yana shirin komawa Sabon Gari ya yi rigima. Ƙanin ya ce dama busasshen batir ba ya ƙarko a Kano, ba sai an je ko'ina ba. Ni aikin sola nake yi, ba ni na haɗa musu ba, an kira ni ne bayan sallah in duba in raba gardama. Na rubuta wannan lamari ne domin irinsa ya yi yawa a garin nan, kuma kuɗin da mutane ke zubawa a batir kuɗi ne na gumi, wani ma bashi ya ci.

Abin da aka tarar a sashen wan

Baturan suna cikin wani ɗan sito a saman bene. Rufin kwano ne ba silin, ba taga, ƙofar ƙarfe kuma kullum a kulle saboda yara. An zaɓi wurin ne don yana kusa da faranti, waya ba za ta yi tsawo ba, kuma tunda an ce batir ɗin ba ya fitar da iska, babu wanda ya ga laifin kulle shi. Da misalin ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, ma'aunin zafi ya nuna digiri 44 a cikin ɗakin. Gefen baturan biyu duk ya kumbura, idan ka ɗora tafin hannu za ka ji robar ta turo waje, murfin sama kuma ya ɗan karkace.

Aka cire su daga layi aka bar su suka huta, sannan aka auna. Ɗaya ya ba da bolt 12.4, ɗayan 10.5. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a ciki, kowanne yana ba da bolt biyu da ɗan ɗori, cikakke mai lafiya yakan nuna 12.7 ko kusa da haka. Idan ka ga 10.5 bayan caji, to ɗaki guda ya mutu ke nan. Wanda ya nuna 12.4 ɗin ma da aka ɗora masa lodi bai daɗe ba ya zube.

Alhajin, wato wan, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Injiniya, tsakaninka da Allah, jabu ne ko ba jabu ba ne?"

Hanya mafi sauƙi ta amsa wannan tambaya ita ce sikeli. Ƙarfin batir irin wannan yana cikin dalmar da ke jikinsa, kuma dalma ba ta ɓoye nauyinta. Na gaske mai 200Ah yakan kai kilo 55 zuwa 65. Jabu, wanda aka rage wa dalma aka manna masa babbar lamba, da ka ɗaga za ka ji. Aka aro sikelin mai sayar da hatsi a bakin layi, kowanne ya tashi kusan kilo 60. Ba jabu ba ne. Wannan magana ba ta yi wa Alhajin daɗi ba, domin ta rufe masa ƙofar da ya fi so ya bi, amma ruwa ba ya tsami banza, sai aka koma kan inbata.

A cikin saitin inbata akwai wurin zaɓar irin batir. An bar shi a kan na mai ruwa. Da alama mai haɗawar ya saita inbatocin gidan biyu iri ɗaya ne ya tafi. A wannan saiti, inbata tana tura caji har bolt 29.2, alhali rufaffen batir ba ya son ya wuce 28.2 ko kusa da haka, shi ma a yanayi mai digiri 25. Duk lokacin da zafi ya ƙaru ana so a rage ƙarfin caji, a digiri 40 ya kamata a sauko da shi da fiye da rabin bolt. Ke nan a bazara baturan nan suna shan abin da ya zarce ƙa'idarsu da bolt ɗaya da rabi ko fiye.

A nan ne mutane da yawa ba su gane yadda busasshen batir yake ba. Ba busasshe ba ne da gaske. Akwai ruwa da asid a cikinsa, an daskarar da su ne sun zama kamar kunu mai kauri, ko kuma an tsotse su a cikin wani irin audugar gilashi. Idan caji ya kusa cika, ruwan yakan fara rabewa ya zama iska, a kowane batir na dalma haka ne. Dabarar rufaffe ita ce yana mayar da wannan iska ta koma ruwa a cikinsa. Amma dabarar tana da iyaka. Idan caji ya yi ƙarfi, iskar sai ta fi ƙarfin mayarwa, ta tura wani ɗan bawul ta fice, kuma abin da ya fita ya tafi ke nan. Kamar tukunya ce a kan wuta wadda aka liƙe murfinta, tururi na samun hanyar fita amma kai ba ka da hanyar ƙara ruwa. Ƙari a kan haka, wannan mayarwar da kanta zafi take haifarwa, batir mai zafi kuma ya fi jan caji, cajin ya ƙara masa zafi. Kumburin da muka gani daga nan ya fito.

Sai maganar lodi, wadda a ganina ita ce ta fi kowace yi musu illa.

Shekarar farko baturan ba su sha wahala ba. Fankoki, fitilu, talabijin. Firiza da injin jan ruwa a kan janareta suke. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, cikin kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Alhajin ya yi abin da kowa ya yi, ya ajiye janareta, ya sa aka mayar da firiza kan inbata. Babu wanda ya zauna ya yi lissafi, mu muka yi shi daga baya a bayan kwalin batir ɗin. Batura biyu masu 200Ah a bolt 24 suna ɗauke da wat-awa 4,800 (ma'aunin yawan wutar da ke ajiye) idan sun cika. Ƙa'idar batir na dalma, idan ana so ya daɗe, kada a riƙa cin fiye da rabinsa, wato 2,400. Fanka uku na sama, kowace wat 75, awa goma, sun ci 2,250 su kaɗai. Firiza da dare ta kai 800. Talabijin, fitilu da cajin wayoyi kusan 600. Ita kanta inbata tana da nata rabon. Jimla ta haura 4,000. Kowane dare ana kwashe fiye da kashi 80 cikin ɗari, ana kuma barin inbata sai ta kai bolt 21 kafin ta yanke, domin haka saitin ya zo daga kamfani. Hajiyar gidan ta ce tun damina suka saba da ƙarar inbata kafin assalatu, sun ɗauka haka abin yake.

Da rana kuma farantan ba sa iya biyan wannan bashi. Faranti huɗu masu wat 300, a rana mai kyau, idan an cire asarar zafi da ta waya, abin da za su ba da bai wuce wat-awa 4,000 zuwa 4,500 ba. A ciki firiza da fankoki suke ci da rana. Abin da ya rage wa batir bai kai abin da aka ɗiba da dare ba, balle a hunturu da ƙura ke rufe farantan, ba mai hawa ya goge. Batir na dalma da ya kwana ya wuni bai cika ba, wani farin gishiri yakan taru a jikin allunan cikinsa. Idan an cika shi da wuri gishirin yana narkewa, idan aka daɗe sai ya daskare ya toshe wurin, ƙarfin batir ya ragu har abada. To haka baturan nan suka rayu: yawancin kwanaki da yunwa, ranar da nepa ta kawo wuta kuma inbata ta danna musu bolt 29.2 a ɗaki mai digiri 40 da wani abu. Da azumi ya zo a watan Maris, zafi ya tsananta, firiza na aiki dare da rana saboda ƙanƙarar buɗa baki, sai suka ƙarasa.

Shekara goman da ke jikin kwali fa? Ba ƙarya ba ce, amma ba a kanmu aka yi ta ba. Lissafi ne na batir da ke zaune a cike kullum a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25, wanda ba a taɓa shi sai ranar da wuta ta ɗauke, irin na bankuna da turakun sadarwa. Sananniyar ƙa'ida ce a wannan sana'a cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba tsawon ran rufaffen batir biyu. Goma ta koma biyar a digiri 35, ta koma biyu da rabi a 45, tun ma ba a fara maganar sauke shi kowane dare ba. Ni ina ganin mai sayarwa da ya nuna wa ɗan Kano wannan lamba bai yi masa bayanin nan ba, ya rage masa wani abu a ciniki, ko da kayansa na gaske ne.

Sashen ƙanin

Nasa baturan a soro suke, cikin wani ɗan keji na ƙarfe a kan katako. Ba don ya fi wansa sani ya ajiye su a can ba. An gaya masa ne mai ruwa yana fitar da iska lokacin caji, kuma gaskiya ne, iskar haidurojin ce, idan ta kai kashi 4 cikin ɗari a rufaffen ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa ta kama. Matarsa ta ce ba za a sa mata wannan a kusa da ɗakin yara ba. Soron tsohon gini ne mai kaurin bango, iska na ratsawa ta ƙofofi biyu. A ranar da sito ya nuna 44, soron 35 ya nuna.

Lodinsa kuma kaɗan ne. Fanka biyu, talabijin, fitilu, da ƙaramin firji da ake kashewa da magariba. Duka-duka wajen wat-awa 2,300 a cikin 5,280, bai kai rabi ba. Farantansa suna cika masa batir kafin la'asar a yawancin ranaku. Bolt 29.2 ɗin da ya dafa baturan wansa, shi daidai ne da nasa. Mai ruwa yana ma buƙatar ya ɗan tafasa a ƙarshen caji, domin a dogon batir asid yakan kwanta a ƙasa ya bar ruwa a sama, kumfar ce ke gauraya su.

Sai dai su ma sun kusa tafiya, kuma wannan ɓangaren ƙanin bai cika son a faɗa ba. A bazarar 2023 aka tura shi kwas na 'yan watanni a wajen gari. Kowane ɗaki na tubula yana da murfi mai ɗan tsinke a cikin roba mai gani-har-hanji, tsinken yana tashi idan ruwa ya cika, yana nutsewa idan ya ja baya. Babu wanda ya kalle su sai da wuta ta fara gazawa. Wani yaro a gidan ya buɗe, ya ga allunan sun leƙo sama da ruwa, ya sayo ruwan leda ya cika su. Niyyarsa mai kyau ce. Amma ruwan leda da na famfo da na burtsatse duk suna ɗauke da ma'adinai da ke lalata allunan, tataccen ruwa kawai ake zubawa. Asid ma ba a ƙarawa, domin ruwa ne ke tashi, asid ɗin yana nan. Allon da ya sha iska kuma, wurin da ya bushe ba ya komawa yadda yake.

Da na zuƙo ruwan kowane ɗaki da ma'aunin kauri, goma daga cikin sha biyun sun nuna 1.240 ko kusa, ɗakuna biyu a batir guda sun tsaya a 1.190. Tabon wancan lokacin ke nan. Aka yi musu dogon caji mai ƙarfi na daidaitawa, murafe a sassauce, suka ɗan farfaɗo amma ba su kamo sauran ba. Wannan shi ne babban abin da mai ruwa ya fi rufaffe da shi a wurina: kana iya leƙa cikinsa, ka auna ɗaki-ɗaki, ka gane ciwon tun yana ƙarami, ka mayar masa da abin da zafi ya ɗauke. Rufaffe ba ya gaya maka komai sai ranar da ya kumbura.

Tun bayan wancan karon matar ƙanin ta karɓi aikin. Ta rataye kalanda a soro, tana duba tsinkayen Juma'ar farko ta kowane wata, daga Maris zuwa Mayu kuma duk mako biyu. Tana ƙara ruwa da yamma bayan batir ya cika, ba da safe ba, domin ruwan yakan ɗaga idan ana caji, wanda ya cika shi tun yana ƙasa zai tarar ya yi ambaliya. Farin garin da ke taruwa a kan ƙusoshin batir inda ake ɗaura waya tana wanke shi da ruwan ɗumi da bekin soda ta shafa basilin. Jarkar tataccen ruwan tana kulle a kejin. Idan aka tambaye ni abin da ya kai baturan nan shekara ta huɗu, kalandar nan tana cikin amsar.

Abin da aka yanke

Alhajin ya so a sauya wanda ya mutu kawai a bar ɗayan. Na hana. Batura biyu a jere caji ɗaya ke ratsa su, tsohon zai riƙa cika da wuri yana zubewa da wuri, sabon kuma ba zai taɓa samun daidai ba, cikin watanni zai bi sahun tsohon.

Aka yi maganar batirin litiyam. Ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, yana jure a sauke shi sosai, kuma ba ya damuwa idan bai cika ba. Amma kuɗinsa a dunƙule ya fi ƙarfin abin da Alhajin ya tanada a lokacin, ga hidimar sallah da aka fito. Ya ce a bar shi sai gaba.

Saura zaɓi tsakanin rufaffe da mai ruwa. Ƙanin ya ce, "Yaya, ai magana ta ƙare, ka ga nawa." Na ce masa ba ta ƙare ba. Da tubula aka kulle a wancan sito da wancan lodi, ba mai duba ruwa, su ma da wuya su kai shekara uku. Kuma akwai gidajen da ni da kaina rufaffe nake ba su shawara: tsohuwa mai ɗaki ɗaya da batir zai kwana kusa da gadonta, ɗan haya a bene da ba shi da wuri mai iska, gidan da na tabbata babu wanda zai buɗe murfi. A irin waɗannan wurare, rufaffe da aka saita masa caji daidai, aka ajiye shi a ƙasa a ɗaki mafi sanyi, ba a cin fiye da rabinsa, ya fi mai ruwan da za a manta da shi. Tambayar da na yi wa Alhajin ita ce wa zai duba ruwa, tunda shi yana fita da hantsi ba ya dawowa sai bayan magariba.

Matar ƙanin ce ta amsa daga bakin ƙofar sashenta. Ta ce, "Yaya Alhaji, a sauko da su soro kusa da namu. Mai duba biyu ai zai duba huɗu. Sai dai a ba ni babbar 'yarka ta koya, don ni ma ina tafiya."

Haka aka yi. Aka sayi tubula biyu masu 220Ah, aka duba ranar ƙira a jikinsu kafin a biya, domin batir da ya daɗe a kwantena da shago ba caji ya fara tsufa tun bai shiga gida ba. Aka faɗaɗa kejin soro, aka ja waya mai kauri saboda nisan ya ƙaru. Aka ƙara faranti biyu suka zama shida. Aka ɗaga wurin yankewar inbata daga bolt 21 zuwa 23.4. Firiza aka sa mata agogon da ke kunna ta da hantsi ya kashe ta kafin magariba, aka jera jarkokin ruwa a ƙasanta su daskare da rana su riƙe sanyi da dare. Fanka ɗaya daga cikin ukun aka sauya ta da irin mai cin wuta kaɗan. Wannan ɗaga wurin yankewa ya jawo ƙorafi a makonnin farko, domin a dare mai zafi inbata takan yanke alhali batir na da saura, kuma sau da yawa a nan ne masu gida ke kiran wani ya mayar musu da saitin baya. Alhajin bai yi haka ba.

Matattun baturan biyu masu sayen gwangwan sun yi ta zarya a kansu, don dalmar ciki tana da daraja. Na roƙi Alhajin kada ya bayar ga wanda zai fasa su a bakin layi ya tuttular da asid a kwata. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba zai so ƙurarta a unguwar da 'ya'yansa ke wasa ba. Aka mayar da su shagon da aka sayi sababbin, a rufe yadda suke, aka rage masa kuɗinsu a ciniki.

Zuwa ƙarshen 2025 sababbin baturan wan sun shiga shekara ta biyu, ɗakunansu sha biyu duk suna nuna kauri ɗaya. Na ƙanin sun fara gajiya, ɗakuna biyun nan masu tabo su ke fara zubewa, kuma a daren da aka kunna fanka tun isha wutar takan yanke gab da asuba. Na gaya masa ya fara tara kuɗi, kuma idan lokacin ya yi ya sauya biyun tare.